Zangon Walcott: Nazari a Kan Matsayar Tireloli ta Iowa 80 da Gidan Abincinta

Walcott ƙaramin gari ne a gabashin jihar Iowa ta ƙasar Amurka, mazaunansa ba su cika 2,000 ba, kuma duk inda mutum ya waiga a kewayensa gonakin masara da waken suya ne shimfiɗe har inda ido ya ƙure. Ta gefen garin ne babbar hanyar Interstate 80 ta ratsa, wadda ta taso daga San Faransisko a gaɓar tekun yamma ta dire a jihar New Jersey daf da birnin New York, tafiyar da ta haura kilomita 4,600. A mafita mai lamba 284 ta wannan hanya akwai matsayar manyan motoci da ake kira Iowa 80, wadda masu ita ke yi wa kirari da cewa babu kamarta a girma a duk duniya. Filinta na ɗaukar tirela 900 a lokaci guda, kuma a ƙididdigar kamfanin kimanin mutum 5,000 ne ke shiga a kowace rana, wato wajen ninki uku na al'ummar garin da take maƙwabtaka da shi. Kamfanin ya ce tun da aka buɗe ta a 1964 ba a taɓa rufe ƙofarta ba, ko da na dare ɗaya.

Girman wurin ne masu wucewa ke tsayawa ɗaukar hoto, amma ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya cancanci nazari shi ne yadda ɗan gidan mai da aka kafa a tsakiyar gonaki ya zama zango a cikakkiyar ma'anar kalmar, wato irin wurin da fatake ke sauke kaya, su shayar da dabbobi, su ci abinci mai zafi, su ji labarin hanyar da ke gabansu kafin su sake ɗaura lodi. Gidajen mai dubbai ne a kan manyan hanyoyin Amurka, kaɗan ne daga cikinsu direba ke lissafa tafiyarsa tun da safe domin dare ya riske shi a can.

Kamfanin mai na Standard Oil ne ya gina wurin, kuma ma'aikacinsa mai suna Bill Moon ne aka ɗora wa alhakin nemo filayen da za a kafa matsayun manyan motoci a yankin. A lokacin hanyar ba ta ma kammalu ba, domin dokar da ta samar da kuɗin gina waɗannan manyan hanyoyi ta fito ne a 1956 a zamanin shugaba Eisenhower, kuma sai a 1986 aka haɗe guntun ƙarshe na Interstate 80 a kusa da birnin Salt Lake. Moon ya zaɓi Walcott ne da idon wanda ya san lissafin direba. Wurin yana da nisan kimanin sa'a uku daga Shikago ta gabas, ƙasa da haka kaɗan daga Des Moines ta yamma, kuma yana 'yan kilomitoci bayan an haye kogin Misisipi an fita daga cunkoson birnin Davenport, inda fili ke da araha kuma babu maƙwabcin da ƙarar inji za ta hana barci. Abin da aka fara da shi bai taka kara ya karya ba: ɗan kanti, wurin juyen baƙin mai guda ɗaya, da ƙaramin gidan abinci. A 1965 Moon ya karɓi ragamar gudanar da wurin, a 1984 kuma ya saye shi baki ɗaya daga hannun kamfanin. Ya rasu a 1992, matarsa Carolyn da 'ya'yansu suka ci gaba, kuma har yau wurin yana hannun iyalin.

Akwai wata doka da ba a cika ambato ba idan ana ba da labarin irin waɗannan wurare, alhali ita ce ginshiƙin kasuwancinsu. Dokar tarayya ta hana sayar da mai ko dafaffen abinci a wuraren hutawa da gwamnatocin jihohi ke ginawa a bakin waɗannan manyan hanyoyi, in ban da wasu tsofaffin hanyoyi da ake biyan kuɗin wucewa. A wurin hutawa na gwamnati matafiyi zai samu makewayi, benci, da na'urar sayar da lemo da biskit, shi ke nan. Duk mai son mai ko abinci dole ya sauka daga hanya ta wata mafita, kuma wanda ya riga kowa mallakar fili a bakin mafita shi ke da kasuwa. Ƙungiyar masu matsayun manyan motoci, NATSO, ta daɗe tana tsaye kai da fata wajen kare wannan doka duk lokacin da wata jiha ta nemi a sassauta ta, kuma ba sai an tambaye su dalili ba.

Sayen da aka yi a 1984 ya zo a kan gaɓa. Shekara huɗu kafin nan shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta sassauta ƙa'idojin shiga sana'ar dakon kaya, ƙananan kamfanoni da masu mota ɗaya suka cika hanya, farashin dako ya faɗi, tireloli suka ƙaru. Manajan da ke kula da dukiyar kamfanin mai yakan tura riba hedikwata, shi kuwa mai gida yana iya mayar da ita cikin gini, kuma abin da iyalin Moon suka yi ta yi ke nan, domin an faɗaɗa wurin ko an yi masa kwaskwarima fiye da sau 20. A yau akwai ɗakunan wanka 24, wurin wanki, shagon aski, ɗakin kallon fim, wurin motsa jiki, likitan haƙori, mai gyaran ƙashin baya, gareji, wurin wankin tirela, har da wurin wanke kare, saboda direbobi da yawa da karensu suke tafiya. Mai karatu na iya ɗaukar wasu daga cikin waɗannan a matsayin almubazzaranci, amma ya tuna cewa mutumin da ke jan mota mai tsawon mita 20 ba zai iya shiga cikin gari ya ajiye ta a ƙofar asibitin haƙori ba. Idan haƙori ya tashi masa a hanya, ko dai likita ya zo inda tirela ke iya tsayawa, ko kuwa ya yi ta haƙuri har ya koma gida bayan mako uku. Haka zancen yake ga aski da wanki da aika saƙo. Akwai kuma katafaren shagon kayan ado na mota, fitilu da ƙarafa masu ƙyalli da sitiyari da kujeru, wanda girmansa ya isa a jera tireloli na gaske a cikinsa. Direban da motar tasa ce ba ya jin ƙyashin kashe mata kuɗi.

Sai dai dabarar Moon da ta fi kowace nisa ba a cikin ginin take ba. A Amurka iyakar nauyin tirela da kayanta a kan waɗannan hanyoyi fam 80,000 ne, kimanin tan 36, kuma akwai iyaka ta daban ga nauyin da ke kan kowane jerin tayoyi, ta yadda mota na iya kasancewa daidai a jimla amma a ci ta tara saboda kayan sun karkata gaba ko baya. Jami'an jihohi na da sikelinsu a bakin hanya, kuma yawanci direba ne ke shan wahalar tarar ko da ba shi ya yi lodin ba. A 1977 Moon ya kafa kamfanin CAT Scale, mai sikelin da ke auna dukan motar a tsayuwa ɗaya ya fitar da nauyin gaba da tsakiya da baya, tare da alkawarin da ya sa direbobi suka amince: idan sikelin ya nuna mota daidai take amma aka ci ta tara, kamfanin zai binciki sikelinsa, in kuskuren nasa ne ya biya tarar, in kuma sikelin lafiya yake ya tura wakili kotu ya ba da shaida. A yau akwai irin wannan sikeli fiye da 2,000 a Amurka da Kanada, da yawansu a harabar abokan gasar Iowa 80, kuma hedikwatar kamfanin na nan a Walcott.

Domin a fahimci matsayin gidan abincin, dole a fara fahimtar agogon direba. Yawancin direbobin dogon zango da adadin mil ɗin da suka yi ake biyansu, saboda haka duk lokacin da taya ba ta juyawa aljihu ba ya ƙaruwa. A ɗaya ɓangaren doka ta ƙayyade cewa direba ba zai wuce sa'a 11 yana tuƙi ba, a cikin sa'a 14 daga lokacin da ya fara aiki, sannan dole ya huta sa'a 10 a jere, kuma bayan tuƙin sa'a 8 wajibi ne ya dakata na minti 30. Abin lura shi ne wannan sa'a 14 ba ta jiran kowa: da zarar ta fara tafiya, zaman cin abincin rana ba ya tsayar da ita. A da direba da biro yake cika littafin aikinsa, kuma sanin kowa ne ana yi wa lissafin kwaskwarima, har su kansu direbobin ke kiran littafin da littafin barkwanci. Daga Disamba 2017 doka ta tilasta sanya na'urar da ke haɗe da injin mota tana rubuta kowane motsi, ƙofar ƙarya ta rufe.

Wannan na'ura ta yi wa Iowa 80 abu biyu masu karo da juna. Ta ƙara wa filin ajiye mota daraja, domin direban da sa'o'insa suka ƙare dole ya tsaya, kuma guraben tsayawa sun yi ƙaranci a faɗin ƙasar. Ƙungiyoyin masu sana'ar na cewa gurbi ɗaya ne ga kowane direba 11, kuma cibiyar bincike ta ATRI ta gano cewa direba kan yi asarar kusan minti 56 na lokacin tuƙinsa a kullum saboda tsayawa da wuri don kada ya rasa wuri. Lamarin ya kai ga rasa rai: a 2009 an kashe wani direba mai suna Jason a jihar Carolina ta Kudu bayan ya kwana a wani gidan mai da aka daina amfani da shi, abin da ya jawo dokar da ake kira Jason's Law a 2012, wadda ta sa samar da wuraren tsayawa cikin abubuwan da gwamnatin tarayya ke ba wa kuɗi. A irin wannan hali fili mai gurbi 900, mai fitilu da jama'a, kansa talla ne. Amma na'urar ta kuma rage wa direba sukunin zama a teburi da rana, domin minti 30 ba ya isa a ajiye mota, a taka zuwa ciki, a jira a dafa, a ci, a biya.

Gidan abincin, wanda ake kira Iowa 80 Kitchen, yana da kujeru kimanin 300, kuma yana bin tsohuwar al'adar gidajen abinci na bakin hanya a Amurka. Mutum zai zauna, ma'aikaciya ta zo da butar kofi ta zuba masa tun kafin ya faɗi abin da zai ci, ta kuma riƙa ƙara masa ba tare da sabon caji ba. Abincin na gida ne irin na manoman yankin: ƙwai, soyayyen dankalin turawa, fanke irin nasu, soyayyar kaza, naman sa da romo, da dogon teburi na ɗiba da kanka wanda aka daɗe ana ambaton tsawonsa, kusan mita 15 na ganyayyaki da kayan haɗi. A irin waɗannan gidaje abincin safe ba shi da lokaci, saboda safiyar direba na iya kamawa ƙarfe biyun dare. A shekarun baya akan keɓe wa direbobi ɓangarensu, da wayar tarho a jikin kowane teburi, inda mutum zai kira ofis ya ji inda zai ɗauki lodi na gaba, ya kira gida ya ji lafiyar iyali, abinci na gabansa. Teburin ya kasance ofis, majalisa, da wurin jin ko dusar ƙanƙara ta rufe hanya a Wyoming. Wayar hannu ta kwashe wannan aiki gaba ɗaya, ta bar wa gidan abincin abu ɗaya da ba ta iya yi, wato mutumin da ya wuni shi kaɗai a cikin mota ya zauna a gaban wani ɗan Adam da zai tambaye shi yaya hanya.

Ta fuskar lissafin kuɗi, gidan abinci na zama shi ne ɓangaren da ya fi wahalar riƙewa a matsayar manyan motoci. Yana buƙatar masu dafuwa da masu kai abinci da masu wanke-wanke dare da rana, har a sa'o'in da kujeru ke zama fanko, kuma samun ma'aikatan dare a ƙauye ba abu ne mai sauƙi ba. Shi ya sa manyan kamfanonin da suka mamaye sana'ar suka yi ta janye jiki. Bayan haɗewar biyu daga cikinsu, Pilot da Flying J, a 2010 an miƙa gidajen abincin Flying J da yawa ga kamfanin gidajen abinci na Denny's, kuma sababbin matsayun da ake ginawa galibi kantar abincin gaggawa kawai ake sa musu. Iowa 80 ba ta yi taurin kai ba, ta buɗe zauren abincin gaggawa mai ɗauke da Wendy's da Taco Bell da Pizza Hut da Dairy Queen domin mai minti 30, ta kuma bar tsohon ɗakin domin mai sa'a 10. A ganina wannan ne hukunci mafi hikima a tarihin wurin bayan sikeli. Ribar man dizal siririya ce, kuma manyan kamfanonin dako kan yi yarjejeniyar rangwame su faɗa wa direbansu inda zai sha mai, don haka a wannan fanni direba ba shi da ta cewa. Inda zai kwana da abin da zai ci ne suka rage a hannunsa, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya zauna ya ci ya ƙoshi shi ne zai zagaya kanti, ya yi aski, ya sayi fitila, ya kuma faɗa wa abokin aikinsa.

Akwai kuma waɗanda ke cika kujerun da rana, lokacin da direbobi ke kan hanya: iyalai masu tafiya a ƙananan motoci, fasinjojin bas, da mutanen garuruwan kusa. Kirarin girma da aka rubuta a allon bakin hanya su yake kira, kuma kuɗinsu na taimakawa wajen riƙe ɗakin girkin da direba zai tarar a buɗe cikin dare. Wasu direbobin na ƙorafin cewa wurin ya koma na 'yan yawon buɗe ido, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Sai dai idan aka kwatanta da Buc-ee's, kamfanin da ke gina manyan gidajen mai a kudancin ƙasar amma ya haramta wa tireloli shiga harabarsa, za a ga cewa a Walcott baƙo ne ke raɓar direba.

Ba kowane abu ne abin yabo ba. Binciken da hukumar NIOSH mai nazarin lafiyar ma'aikata ta gudanar a 2010 ya nuna cewa kashi 69 cikin 100 na direbobin dogon zango na fama da ƙiba mai yawa, fiye da ninki biyu na sauran ma'aikatan ƙasar, kuma teburin da ake biya sau ɗaya a ci sai an gaji ba ya cikin maganin wannan matsala, ko da an ajiye wurin motsa jiki a gini ɗaya. Haka nan fuskar sana'ar ta sauya. Direbobi 'yan asalin Somaliya da Punjab da Gabashin Turai sun yawaita a kan hanyar, kuma Iowa ita ce kan gaba a Amurka wajen kiwon alade, abin da ke bayyana a girkin yankin tun daga abincin safe. Direba Musulmi sai ya yi tambaya a kan abin da aka soya ƙwai da shi, da yawa kuma sun gwammace su riƙe ɗan firji da tukunyar lantarki a ɗakin kwanan da ke bayan kujerar tuƙi. Wannan giɓi ne ya sa ƙananan gidajen abincin Punjabawa suka ɓullo a bakin manyan hanyoyi, har da wannan hanya a Nebraska da Wyoming, suna yin abin da Moon ya yi a farko, wato duba abin da direba ya rasa.

Annobar korona ta gwada tsarin. A ranar 17 ga Maris 2020 gwamnar Iowa, Kim Reynolds, ta ba da umarnin dakatar da zaman cin abinci a gidajen abinci na jihar, a daidai lokacin da ƙasar ta dogara ga direbobi su kai abinci da magani. Tirela ba ta shiga layin tagar da ƙananan motoci ke karɓar abinci, kuma wurare da yawa ba sa sallamar mai tafiya a ƙasa ta wannan taga, don haka a makonnin farko direbobi da dama sun ga tasku. Matsayun manyan motoci sun ci gaba da aiki a matsayin wuraren da ba a iya rufewa, ana ƙulla abinci a tafi da shi mota.

A shekarar ce kuma bikin direbobi na Walcott ya koma ta intanet. Moon ne ya fara wannan biki a 1979 domin gode wa abokan cinikinsa, kuma ana yin sa kwana uku a watan Yuli, da gasar ƙawata mota, wasannin gwada ƙarfi da gwanintar direbobi, kiɗa, wasan wuta, da gashin nama, shiga kuma kyauta. Dubun-dubatar mutane ke halarta, wasu direbobin kan shirya hutunsu na shekara a kansa.

Ta fuskar mallaka, Iowa 80 na aiki ne ƙarƙashin tambarin TravelCenters of America, babban kamfanin matsayun manyan motoci, wanda kamfanin mai na BP ya saya a 2023 kan dala biliyan 1.3, kuma BP ɗin ne ya haɗiye Amoco, magajin Standard Oil ɗin da ya gina wurin, tun a 1998. Abokin gasarsu Pilot ya koma hannun kamfanin zuba jari na Berkshire Hathaway gaba ɗaya a farkon 2024. A tsakanin waɗannan ƙattai iyalin Moon na riƙe da filinsu, da wasu matsayu a Joplin ta jihar Missouri da Kenly ta Carolina ta Arewa. Barazanar da ke tafe ta shafi tushen cinikin ne kai tsaye, domin dukan lissafin ya ginu a kan cewa akwai ɗan Adam a bayan sitiyari wanda ke gajiya, yake jin yunwa, doka kuma ta tilasta masa barci. A 2025 kamfanin Aurora ya fara jigilar kaya da tireloli marasa direba tsakanin Dallas da Houston, hanya mai sauƙin yanayi idan aka kwatanta da hunturun Iowa. Motocin lantarki kuwa, idan suka yawaita, za su iya zama alheri ga gidan abincin, tunda cajin batir ya fi shan mai ɗaukar lokaci, kuma mai jira yakan nemi kujera. A gidan tarihin manyan motoci da iyalin suka buɗe a gefen filin a 2008, domin cika burin Moon wanda ya yi shekaru yana tara tsofaffin motoci, akwai fiye da 100 a jere, kuma a cikinsu har da wata motar dako mai aiki da lantarki ta kamfanin Walker, ƙirar 1911.